Yatsun Auta da Dutsen Gugar Baba

Shafi na 7

Ranar Talata abin ya fara. Ruwa aka wayi gari da shi, aka wuni da shi, irin ruwan nan marar tsawa marar iska, wanda yake bin kwano a hankali har ya samo ɓaraka. Ɗakin Auta yana da ɓaraka ɗaya, daidai saman kantar da take ajiye littafinta. Ni na yi alkawarin liƙe ta tun kafin a rufe makarantu. Ban liƙe ba.

Masu turo min saƙo cewa na ɓata kwana biyu, ga dalilin nan.

Auta ƙanwata ce, shekararta goma sha huɗu, ba ta gani tun tana goye. Makarantar kwana take yi, ta makafi. Da annoba ta zo rana ɗaya aka sallame su, aka ce mako biyu ne, kowa ya bar kayansa. Allon rubutunta, tsinkenta, takardunta, duk suna can cikin akwati a bayan kwaɗo. Yau wata biyar.

Abin da ya rage mata littafi ɗaya ne, na lissafi, da rubutun makafi. Malamarsu ce ta buga shi da hannunta, ɗigo bayan ɗigo. Kwafi ɗaya tak. Su biyar ne masu jarrabawar fita, littafin yana zagaya su, kowa mako biyu, ni nake kai shi gida-gida a babur. Wannan karon layin Auta ne.

A makon ruwan nan zazzaɓi ya kwantar da ita, Umma ta mai da ita ɗakinta. Hancinta ya daina jin ƙamshi. Ni kuma mai kemis ya ɗauke ni kai saƙo, in na fita da safe sai yamma.

Kwana tara bayan ruwan, ranar Alhamis, na fito zan tayar da babur sai na gan ta zaune a bakin ƙofar ɗakinta. Jakar littafin tana kan cinyarta.

"Yaya."

"Na'am, Farfesa."

"Ka mayar wa Malama wannan."

"Ai sai Asabar."

"Ka kai yau. Ka ce ta ba na gaba. Kuma ta cire sunana."

Na yi dariya.

"Ke? Ke da kike tsare ni a ƙofar banɗaki ki ce bakwai sau takwas?"

"Hamsin da shida. Kai ka ce arba'in da wani abu."

"Na kusa ai."

Ba ta yi dariya ba.

Na sauka daga kan babur, na tsuguna a gabanta.

"Wa ya taɓa ki?"

"Ba kowa."

"Auta."

Ta karkata kunne wajen ƙarar cokalin Umma daga kicin. Sannan ta yi ƙasa da murya.

"Yatsuna sun mutu."

"Me?"

"Ba ka ji a rediyo ba? Ciwon nan yana ɗauke ƙamshi, yana ɗauke ɗanɗano. Ni ya haɗa min da yatsu."

Na kamo hannunta na mintsini ɗan yatsan.

"Wayyo! Mugu kawai!"

"To ga shi kin ji."

"Mintsini daban, karatu daban. Ina jin tabarma. Ina jin kofi. Ina jin ƙazamin hannunka mai baƙin mai. Ɗigon ne ba na ji. Sai inuwarsu, kamar ana magana a ɗaki na uku."

"Tun yaushe?"

"Tun Asabar da na tashi. Kullum ina buɗewa. Na jiƙa su a ruwan ɗumi. Na yi ta murza su. Na ce ko fatar ce ta yi kauri..."

Ta janye hannun, amma na riga na gani. Kan yatsu biyu na dama, fatar ta saɓule, ta yi ja.

"Da me kika yi wannan?"

"Bango."

Ban san sanda na zauna a ƙasa ba.

"Kin gaya wa Umma?"

"In ce mata me? Ido babu, yanzu hannu ma babu? Bar ta ta ji da abin da take ji da shi."

Ta tura min jakar.

"Ka kai, Yaya. Akwai masu yatsu suna jira."

Na karɓa.

Ni ban iya karanta rubutun nan ba, ko harafi ɗaya. Amma wata biyar ina goya littafin nan a bayana, na san jikinsa. Kullum sai na danne shi da gwiwa kafin zif ɗin jakar ya rufu. Yau jakar har rawa take.

Na zaro shi.

Ya rame. Takardun sun kwanta sumul, gefe ya yi daidai da gefe, kamar sabuwar riga a leda. Na buɗe tsakiya, rana ta haska shafin, sai ya yi ɗan ƙyalli.

Na kai shi hanci.

Gawayi da sitaci. A cikin ƙamshin nan na girma.

"Yaya? Ka yi shiru."

"Ina zuwa. Kar ki motsa."

"Ina zan je?"

*

Shagon Baba a jikin gida yake, ƙofa ɗaya waje, ɗaya ciki. Wanki da guga yake yi tun kafin a haife ni. Da aka daina zuwa ofis, kayan mutane suka ɗauke, amma Baba bai yarda ya zauna ba. Kullum sai ya hura gawayi, ya ciro rigunansa uku ya goge, gobe ya sake goge su.

Na ajiye littafin a kan tebur, daidai gaban dutsen guga.

Bai ɗago ba.

"Sarkin Yawo, yau ba fita?"

"Baba, wa ya goge wannan?"

"Ɗauke min abu daga tebur, akwai wuta."

"Wa ya goge shi?"

"Da ubanka kake magana."

"Shi ya sa na tambaya a hankali."

Ya jingine dutsen a kan bulonsa. Ya ninke hannun rigar, ya warware, ya sake ninkewa.

"Ranar ruwan nan na shiga ɗakinta in tara bokiti," in ji shi. "Na tarar da shi sharkaf. Takardun sun kumbura, sun nannaɗe. Kayan mutane. Amanar makaranta. Kai kana ina? Kai da ka ce za ka liƙe kwanon?"

Wannan ta same ni. Na haɗiye.

"Na shimfiɗa farin ƙyalle a kai. Na rage wuta. Ɗaya bayan ɗaya na bi su, tun hantsi har la'asar. Ko ɗaya ban ƙona ba."

Yadda ya faɗi ko ɗaya ban ƙona ba, wallahi har yanzu da sauran alfahari a ciki.

"Duka ne suka jiƙe?"

"Kamar kashi ɗaya cikin uku."

"Sauran fa?"

"To a bar wasu a miƙe wasu a yamutse? Wane irin aiki ke nan?"

"Baba, ƙurajen nan na jikin takardar su ne rubutun!"

"Na sani! Kar ka mai da ni sakarai. Na san da su take karatu. Na ɗauka in ya huce za su taso, kamar gashin tawul. Tawul in ka goge shi ya kwanta, ka karkaɗe shi ya miƙe."

"Ka karkaɗe?"

"Na karkaɗe."

Na dafa tebur.

"Yaushe ka gane ba za su taso ba?"

Ya kalli ƙofar waje.

"Asabar. Na hango ta ta taga. Ta buɗe, ta shafa. Ta goge hannu a zani, ta sake shafawa."

"Kwana shida ke nan, Baba."

"Kullum na ce gobe."

"Ka san abin da take zato?"

"Ta san littafi ya lalace, tana fushi. Ina jira ta huce."

"Ba ta sani ba! Hancinta a toshe yake, ba ta ji ƙamshin gugar ba. Cewa take yatsunta ne suka mutu. Ta goga su a bango har fata ta fita. Yanzu ta ba ni littafin, ta ce a cire sunanta daga jarrabawa."

Baba ya nemi benci da hannu kamar shi ne ba ya gani. Ya zauna.

"Innalillahi."

Gawayi yana ta ƙara a cikin dutsen. 

Can ya ce, "Shekara takwas tana makarantar nan. Uwarta tana haɗa mata kaya. Kai kana kai ta, kana ɗauko ta. Malama tana koya mata. Ni ko sunana ban iya rubutawa ba. Ranar nan da na ga takardun na ce, yau dai ga abin da na iya. Abu ɗaya da na taɓa yi wa karatunta ke nan."

Na so in tausaya masa. Sai na tuna kan yatsun nan.

"Tashi ka gaya mata."

"Ba zan iya ba."

"To ni zan gaya mata."

"Ka ce ruwa ne."

"Ruwa ba ya sa sitaci."

Nan ya miƙe, ransa ya ɓaci.

"Kai da ka tsere daga aji ta taga, yau kai ne lauyan karatu?"

"Ni ne."

"Ka ji shi!"

"Ranar da na bari, wa ya biyo ni? Cewa ka yi in ba zan zauna a aji ba in zo in riƙe maka bakin zanin gado. Na riƙe kwana uku na gudu. Har yau ba wanda ya tambaye ni me ya faru. Ban ce laifinka ba ne, ni ne ba na iya zama. Amma ita tana iya zama, Baba. Ta fi kowa a unguwar nan iya zama. Ba za ta bari ba, ko da jan ta zan yi a ƙasa."

Na fizgi littafin zan fita, sai shafi ɗaya ya zame daga zaren ya faɗi a bakin ƙofa. Na ɗauka. Hasken waje ya bugo shi ta gefe.

Na tsaya.

A bayan takardar akwai wasu 'yan zagaye ƙanana, jere-jere, kamar sawun ruwa a kan ƙura. Ɗigon sun kwanta, amma gurbinsu yana nan.

*

Ni dai kun san tarihina. Wata huɗu wajen mai walda, mako shida wajen mai faci, kwana tara wajen mai gyaran agogo. Umma takan ce na fi kowa yawan ubangida, na fi kowa ƙarancin sana'a. Ranar dai kowanne ya yi min rana.

Na zaro waya ɗaya daga tsohuwar ƙafar keke, na goga bakinta a siminti har ya yi mulmul. Na yanko robar cikin taya na shimfiɗa a kan benci. Na kifa takardar a kai, na karkata ta wajen haske, na ɗora bakin wayar a gurbi na farko, na danna.

Ta huda.

Na biyu, ta huda.

Na uku, ta huda har da yaga.

Na tashi na zagaya tsakar gida sau biyu, na dawo. Na ɗauko wani shafin. Na riƙe numfashi, na danna kamar mai taɓa idon jariri.

Na juya takardar. Ɗan tudu ya taso.

Layi ɗaya ya ci min minti arba'in. Wuyana ya ƙage. Na ɗauka na nufi wajen Auta, tana nan inda na bar ta.

"Miƙo hannu."

"Yaya, don Allah ka ƙyale ni."

"Layi ɗaya. In ba ki ji komai ba, yanzu zan kai littafin, in ce a cire sunanki. In haɗa da nawa, ko da yake nawa ya daɗe da fita."

"Ba ka da dama."

"Miƙo."

Ta miƙo na hagu, wanda ba ciwo. Na ɗora shi a farkon layin.

Yatsan ya tsaya. Ya matsa kaɗan. Leɓenta suka fara motsi.

"Ashirin da huɗu... a raba gida uku... tara?" Ta yamutsa fuska. "Wane jaki ne ya rubuta wannan? Ashirin da bakwai ne. An cinye wa bakwai ɗin ɗigo ɗaya ta koma huɗu."

"Jakin yana gaishe ki."



Ta mayar da yatsan farkon layi. Ta sake bi. Ta sake. Ta ɗora na dama mai ciwon, ta bi da shi, tana cije baki.

"Yaya."

"Na'am."

"Na karanta."

"Har kin zagi marubucin."

"Ba yatsuna ba ne."

"Ba su ba ne."

Ta rungume takardar a ƙirji, kafaɗunta suna rawa. Na juya kai ina kallon babur, kamar yau na fara ganinsa.

Da ta natsu ta shimfiɗa shafin a cinya, ta shafa ƙasan layin, inda komai yake a kwance.

"Me ya sami littafin?"

"Ruwa ne ya jiƙa shi. Kwanon nan da ban liƙe ba. Da na ga ya yamutse sai na... na goge shi."

Ta bi gefen takardar da babban yatsa. Ta taɓa kusurwa ɗaya, ta biyu, ta uku, ta huɗu.

"Ƙarya kake."

"Walla..."

"Kar ka rantse. Kai ko wandonka ka goge sai ka bar masa tambarin dutse a gwiwa. Wannan ba ƙuna, ba ninki, kusurwa huɗu duk sun kwanta. Mutum ɗaya ne yake guga haka a gidan nan."

Ta ɗaga kai wajen ƙofar shago.

"Baba, tun ɗazu nake jin numfashinka."

Na waiwaya. Yana tsaye a jikin ƙyaure, hularsa a hannu.

"Ni ne, Auta."

"Yaushe ka san ya lalace?"

Na yi masa ido. Bai kalle ni ba.

"Asabar."

"Asabar," in ji ta. Ta ƙirga a yatsu, a hankali, har shida. "Gugar ba ta dame ni ba, Baba. Ba ka sani ba. Kwana shidan nan ne."

"Ki yafe min."

Ta mayar da yatsanta kan layin.

Umma ta fito daga kicin da ludayi a hannu.

"Wai me ake yi ne kowa ya yi cirko-cirko? Wa ya mutu?"

Na gaya mata a taƙaice. Ta dubi Baba, ta dubi littafin, ta kamo hannun Auta ta ga yatsun.

"Shi ya sa ranar ka hana ni shiga shago! Ka ce aikin babban mutum kake!" Ta juyo kan Auta. "Ke kuma ina gidan nan, kina goga hannu a bango, ba ki ce Umma ba? Ni hoto ce?"

"Umma, a bar wannan tukuna," in ji Auta. Muryarta ta canja, ta koma irin ta ƙofar banɗaki. "Yaya, shafi nawa ne duka?"

"Casa'in da huɗu."

"Layin nan minti nawa ya ci maka?"

"Arba'in."

"Layi ashirin da biyar a shafi." Ta motsa leɓe tana lissafi. "Kwana sittin da biyar. Ba barci, ba cin abinci, ba yawo."

"Zan ƙara sauri."

"Saurinka ne ya huda na farko. Na ji ƙarar yagewar daga nan."

Baba ya yi gyaran murya.

"Takardar ce ta bushe da yawa, shi ya sa take hudewa. A ɗan fesa mata ruwa, kaɗan, kamar za a goge kwalar riga. Sai ta yi laushi ta karɓa."

"Baba, don girman Allah, kai da littafin nan..."

"Bar shi ya gwada," in ji Auta. "A kan wanda ka riga ka kashe."

Ya shiga shago ya fito da kwalbar fesa ruwa. Ya fesa daga nesa, sau ɗaya. Ya jira. Ya taɓa da bayan hannu. Ya karɓi wayar daga hannuna, ya juya ta, ya kalli bakinta.

"Haska min."

Na karkata masa takardar. Ya fara dannawa.

Hannun da ya yi shekara talatin yana bin karin wando bai san rawa ba. Tap. Tap. Tap. Kowane ɗigo nauyi ɗaya. Minti goma sha biyu ya gama layi.

Na kai wa Auta. Ta bi.

"Wa ya yi wannan?"

"Baba."

"Ya fi naka."

Baba ya ɗago, yana jira ta ƙara wani abu.

"Ka ce masa ya daina tsallake na ƙasa," in ji ta. "Su ne suka fi kwanciya."

Yana zaune taku uku daga inda take.

"Baba, ta ce..."

"Na ji."

Haka muka kafa aiki a tsakar gida. Na kira mai kemis na ce babur ya lalace. Ni nake karkata takarda a rana, ina zagaye kowane gurbi da fensir. Baba yana dannawa, hannunsa ya saba har layi ya koma minti huɗu. Auta tana bi da yatsa, in ta sami kuskure ta ce, "Ka ce masa." Umma tana shanya wanda aka gama a kan gado, ta kafa dokar ko ƙuda kar ya sauka a kai.

Ban taɓa zama wuri ɗaya na awa biyar ba a rayuwata. Ƙafata tana ta rawa, Umma ta ɗora min turmi a kai, ta ce in ta faɗi ni da ita.

Da azahar na ware shafukan gida biyu. Waɗanda ba su jiƙe ba, gurbinsu yana nan. Waɗanda ruwa ya ratsa kafin guga, na juya su gabas, na juya su yamma, na haska da tocilan. Fari fat. Kamar ba a taɓa rubuta komai a kansu ba.

Na sa su a gefe.

"Waɗannan da ka ajiye fa?" in ji Auta.

"Na gaba ne."

"Nawa ne?"

Na gaya mata.

Ta gyaɗa kai. "Wane babi?"

Na miƙa mata shafin da yake kafin su da wanda yake bayansu, bayan Baba ya tayar da kanunsu. Ta shafa.

"Wanda ban kai ba ke nan," in ji ta. "Ci gaba. Haska masa."

La'asar ta yi, muna da shafi uku cikakku a kan gado. Wani shafi na biyu da na sake hudawa ya shiga kwandon shara tare da na farko. Baba bai tashi ya sha ruwa ba. Babban yatsansa ya yi ƙulu, ya naɗe shi da tsumma ya ci gaba.

Sai aka buga ƙofa.

"Salamu alaikum! Masu gida!"

Hannun Auta ya tsaya a kan takarda.

"Malama ce," in ji ta.

"Ai sai Asabar!" in ji Umma, tana neman mayafi.

Na je na buɗe. Malama ce da takunkumi a fuska, tana haki. A bayanta wani dogon yaro da farar sanda, ɗan ajinsu Auta, wanda suke kira Dogo. Shi ne na gaba a layi.

"Yawwa, ɗan halak, kai nake nema," in ji Malama. "An sa ranar jarrabawa. Kwana ashirin suka rage. Ba sauran mako biyu-biyu, kowa kwana huɗu zai yi da littafi. Na ce Dogo ya jira ka kai masa, ya ce ƙafata ƙafarsa."

"Yayan Auta, ina wuni," in ji Dogo, yana murmushi. "Farfesa ta cinye littafin ne? A taimaka mana da ragowar."

Ya jingine sandarsa a ƙirji, ya miƙo hannu biyu.

Na ji takun Baba a bayana. Na ji sandar Auta tana taɓa ƙasa, ta zo ta tsaya a gefena.

Malama ta kalle mu ɗaya bayan ɗaya. Ta kalli tsumman da yake hannun Baba, ta kalli fensirin da yake bayan kunnena.

"Lafiya? Ina littafin?"

"Malama," in ji Baba, "ni ne na..."

"Gaya mata, Yaya," in ji Auta. "Da lamba. Kar ka rage."

Na ce, "An goge shi da dutsen guga, Malama. Ɗigon sun kwanta. Amma mun samo hanya. Uku mun tayar yau. Hamsin da takwas za su tashi, ko da ba zan sake hawa babur ba sai an gama."

Malama ta sauke takunkumin daga fuskarta a hankali.

"Ba abin da ya rage na tambaye ka ba. Me aka rasa?"

Hannun Dogo suna nan a miƙe.

"Shafi talatin da ɗaya, ko alamar ɗigo babu. Biyu ni na huda su. Kwana tara daga layin Auta. Fatar yatsu biyu. Da wata ukun da kika yi kina buga shi."